Gudu a Turbar da Ƙafa ta Saba: Amfaninsa ga Hankali da Zuciya a Ƙasar Korgom

Gudun turba shi ne gudun motsa jiki da ake yi a kan ƙasa zalla, nesa da kwalta da filin wasa: hanyar gona, burtalin shanu, gefen fadama, hawan tudu da gangarensa. A Turai da Amurka ya zama wasa mai zaman kansa, da gasarsa da takalmansa, har mutanen birni kan shiga mota su yi tafiya mai nisa domin su samu inda za su taka ƙasa. A ƙauyukan gundumar Korgom, kudu maso gabas da garin Tasawa a jihar Maraɗi, ba a neman irin wannan hanya, domin da an fito ƙofar gida ita ce a gaba. Babbar kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta Tasawa ta ratsa. Abin da ya haɗa ƙauye da ƙauye kuwa, a nan da kuma can wajen Mayahi, mafi yawansa turba ce ta yashi wadda ƙafa da kofato da tayar amalanke suka fitar.

Masu gudu a wannan yanki sanannu ne. Akwai 'yan kokawa, waɗanda ke neman ƙarfin cinya da dogon numfashi, musamman idan gasar Takobi ta ƙarato, gasar da aka fara a Tawa a 1975 kuma jihar Maraɗi ta daɗe tana da suna a cikinta. Akwai samari 'yan ƙwallo, da ɗaliban da jarrabawar motsa jiki ke gabansu, da masu shirin shiga aikin soja. Dukansu jiki suke nufi. Kusan dukansu kuma hanya ɗaya suke bi kullum, daga bayan gari zuwa wata rijiya ko wata kuka a komo, domin ita ce ke akwai. Mutum zai iya ɗaukar wannan maimaici a matsayin rashi. Amma akwai dalilin ganin akasin haka: wani rabo daga natsuwar da gudu ke kawowa yana fitowa ne daga sabo da hanyar.

Shi kansa gudu, a kowace hanya aka yi shi, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Tun a shekarun 1970 aka gano cewa jiki na sarrafa wasu sinadarai masu rage zafin ciwo da ake kira endofin, aka kuma daɗe ana danganta musu nishaɗin da mai gudu ke ji bayan ya yi nisa. A 2008 masu bincike a Jamus suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yan gudu goma bayan gudun sa'a biyu, suka ga lalle waɗannan sinadarai sun fita a sassan da ke kula da yanayin zuciya. Daga baya aka ga ba su kaɗai ba ne. A 2021 wasu masu bincike a birnin Hamburg suka ba masu gudu maganin da ke toshe aikin endofin, amma duk da haka nishaɗin ya zo, fargaba kuma ta ragu. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa wani rukunin sinadarai na jiki, wanda anandamaid ke cikinsa, yana da babban hannu. Wani abin lura shi ne matsakaicin gudu, irin wanda mutum zai iya magana a cikinsa, ya fi gudun fitar rai tayar da wannan sinadari. Sassarfa ta wadatar.

Alƙaluma na jama'a ma sun tafi a kan haka. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2018, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 1.2 a Amurka, ya nuna masu motsa jiki suna da ƙarancin kwanakin ƙuncin rai da kusan kashi 43 cikin 100 idan aka gwada su da waɗanda ba sa yi. Waɗanda suka fi cin moriya su ne masu yin kamar minti 45, sau uku zuwa biyar a mako, ba masu wuce gona da iri ba. Tun kafin nan, a 1999, likitoci a Jami'ar Duke sun raba dattawa 156 masu ciwon damuwa gida uku, wasu motsa jiki, wasu magani, wasu duka biyun. Bayan mako 16, sauƙin da rukunonin uku suka samu ya yi kusan daidai.

Inda aka yi gudun shi ma yana da nasa tasiri. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford suka sa wasu mutane tafiyar minti 90 a cikin ciyayi da itatuwa, wasu kuma a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Na cikin itatuwa suka dawo da raguwar saƙar zuci, wato juya magana ɗaya mai ɓacin rai a cikin kai ba tare da an kai ƙarshenta ba, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da wannan hali ya lafa. Na gefen titi ba su samu wannan ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Michigan, Rachel da Stephen Kaplan, sun yi bayanin irin wannan tun a 1989. A ganinsu, titi da kasuwa suna tilasta wa hankali tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, daji kuwa yana jan hankali a sannu, ta motsin ganye da kukan tsuntsu, har ya samu damar hutawa.

Ta wannan fuska turbar ƙasar Maraɗi ta yau ta fi ta shekarun fari albarka. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 gonaki da yawa sun zama fili fetal, iska na kwasar yashi tana binne shuka. Daga 1983 wani masanin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka yaɗa dabarar barin tohon kututture ya tashi ana yi masa aski, wadda aka sani da sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram, wajen itace miliyan 200. Mai gudu a yau yana ratsa gawo da kalgo da sabara da aduwa, idan kuma ya gangara Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, goriba ce ke masa rakiya. Inuwar da manomi ya raya domin gonarsa da dabbarsa ta zama alheri ga duk mai bin hanyar.

Sai batun sabo, wanda shi ne zuciyar maganar. Ƙwaƙwalwa tana zana taswirar duk wurin da mutum ke yawan bi. John O'Keefe ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke motsawa kawai idan dabba ta iso wani takamaiman wuri, daga baya May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano wasu da ke auna tazara da alƙibla, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Ma'anar wannan ga mai gudu a fili take. A baƙuwar hanya hankalinsa a rabe yake: ina mararraba, wace ce ta dama, akwai karnuka a wancan gida ko babu, ruwan da ya sha zai kai shi ko ba zai kai ba. Gudu ne da waiwaye. A hanyar da ya saba kuwa duk an riga an amsa waɗannan tambayoyi. Ƙafa ta san inda yashi ke da zurfi, ta san saiwar da ta fito a tsakiyar turba, ta san gangaren da ke bayan tsamiya. Ƙirji ya san inda zai ja numfashi da inda zai sake. Da zarar jiki ya ɗauki nauyin tafiyar, hankali ya samu 'yanci, kuma a cikin wannan 'yanci ne mutum kan ga maganar da ta hana shi barci ta warware da kanta, ko ya tarar da fushin da ya fito da shi ya huce kafin ya kai rabin hanya.

Akwai kuma aminci. Masanin halayya Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu, ko da ba a samu wata riba daga gare shi ba, yana sa zuciya ta karkata gare shi. Abin da aka saba da shi ba ya tayar da tsoro, jikin da ba ya cikin tsoro kuma shi ne ke iya sakin kafaɗa. Ga mutumin da rayuwarsa ke cike da abin da ba ya hannunsa, ko ruwan sama zai sauka a kan kari, ko tsutsa za ta ci gero, ko kuɗin buhu zai tashi a kasuwa, samun abu ɗaya tabbatacce kowace safiya ba ƙaramin abu ba ne. Wannan, a ganin mai lura da rayuwar karkara, shi ne mafi girman amfanin hanyar da aka saba, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Sabo ba ya nufin ido ya rufe. Wanda ya san yadda wuri yake kullum shi ne ke ganin abin da ya sauya, kuma turbar ƙasar Korgom tana sauya kama sau huɗu a shekara. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ƙasa tsirara take. Ana hango ƙauyen gaba tun daga nesa, yashi ya yi laushi yana haɗiye ƙafa, gawo kaɗai ke kore yana zubar da 'ya'yansa awaki na tsinta. Sai wata safiya a ga shamuwa ta sauka a kan itacen bakin gari, a san ruwa ya kusa. Ruwan farko yana daddale yashi, gudun da jiya ya yi nauyi yau sai ya yi sauƙi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci. Cikin 'yan kwanaki layukan shuka su fito. Gawo kuwa a lokacin ne yake kakkaɓe ganyensa, ya tsaya fari fat a tsakiyar kore, saɓanin sauran itatuwa.

Zuwa watan Agusta gero ya wuce kan mutum. Hanyar da a bazara take fili yanzu ta zama lungu tsakanin bango biyu na ganye, raɓa na jiƙa hannu da wando, ba a ganin komai sai taku goma na gaba da sararin sama. Da kaka a yanke gero, a ɗaure dammuna, amalanke su cika hanya zuwa rumbu, wake da gyaɗa da yakuwa su biyo baya, ƙarangiya ta nuna ta fara kama ƙafa. Bayan an kwashe amfani garken Fulani da na Buzaye su sauko gonaki suna cin kara, burtali ya cika da sawun kofato. Sannan hunturu ya shigo daga Disamba, da sanyin asuba mai tsaga leɓe da hazo mai ɓoye kukar da aka saba hange. Ko a cikin kwana ɗaya yashin safiya yana ɗauke da labarin dare: sawun bushiya, na kurege, jan cikin maciji, takun zabin daji. Baƙo ba ya karanta wannan, domin bai san yadda wurin yake jiya ba. Irin wannan lura, wadda ke tsayar da hankali a kan abin da ke gaban ido maimakon abin da ya wuce ko wanda bai zo ba, ita ce masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ke koya wa masu fama da damuwa da fargaba. Mai bin turba ɗaya yana samunta ba tare da an koya masa ba.

Hanyar da aka saba ma'auni ce kuma. Yawancin masu gudu a ƙauye ba su da agogon da ke ƙirga kilomita, ba su kuma bukatarsa. Wanda a watan jiya numfashinsa ke yankewa a wajen rijiya, yau ya wuce ta ya kai gindin aduwa, ya san ya ci gaba, kuma shaidar ba ta bukatar fassara. Jin cewa ƙoƙarin mutum yana haifar da sakamako da ake gani yana daga cikin abubuwan da ke tayar da zuciyar da ta karaya. Sai dai ma'aunin yana bukatar adalci. Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna gudu a kan busasshen yashi yana cin ƙarfi kusan ninki 1.6 na gudu a kan ƙasa mai tauri. Saboda haka wanda ya ji ƙafarsa ta yi nauyi a jigawa cikin watan Afrilu bai koma baya ba, ƙasar ce ta sauya. Mai gudun da ya san hanyarsa a kowane yanayi yana gane bambancin gajiyar da ke daga ƙasa da wadda ke daga rashin barci, ko yunwa, ko zazzaɓin da ke shirin kama shi.

Turbar ƙauye ba ta zama babu mutane. A nan gudun Korgom ya bambanta da na wanda ke neman kaɗaici a dajin Turai. A al'ada babba ba ya gudu sai da dalili, shi ya sa wanda ya fara fita yakan sha tambaya: "Lafiya, Malam?" Bayan mako biyu ko uku tambayar takan koma gaisuwa. Dattijon da ke zaune bakin masallaci bayan sallar asuba ya saba da "Ina kwana, Baba?" da ake jefa masa a guje, mai amalanke ya saba kaucewa gefe, matan da ke bakin rijiya sun san lokacin wucewarsa. Ranar da bai fito ba za a tambaya. Sanin cewa akwai masu lura da rashin mutum magani ne na kaɗaici, kuma yana ƙara aminci, domin in ya gurɗe ƙafa an san inda za a neme shi. Samarin fada da ke fita tare suna samun wani abu daban: magana mai nauyi, ta bashi ko ta aure ko ta saɓani da mahaifi, ta fi sauƙin fita idan ana tafe kafaɗa da kafaɗa ba a kallon ido.

Ga mata lamarin ya fi wuya, domin idon jama'a ya fi tsananta a kansu, aikin gida kuma ya riga ya cinye safiyarsu. Amma yawancin amfanin da aka ambata tafiya mai sauri ma tana kawo shi, kuma tafiyar mata biyu ko uku a hanyar da dangi suka sani ba ta saɓa wa mutunci. Ya dace a lura cewa tafiyar ɗaukar ruwa ko itace da kaya a ka, duk da wahalarta, ba ta maye gurbin wannan, domin hankali a lokacin yana kan kaya da aikin da ke jira.

Manyan 'yan gudun duniya ma a kan sananniyar turba suka tashi. Garin Bekoji na ƙasar Habasha, wanda ya fitar da Derartu Tulu, macen da ta ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, ya yi suna da atisaye a cikin dajin turare na gefen gari, inda matasa ke bin juna a layi suna karkace-karkace tsakanin itatuwa. A Kenya, Eliud Kipchoge ya shafe shekaru yana atisaye a sansanin Kaptagat, a kan jan hanyoyin ƙasa ɗaya da abokan gudunsa. 

Hanya tana riƙe tarihi. Matashin da ya tafi cin rani Kano ko Agadas ya dawo da damina yakan ga turbar da ya bari ta karɓe shi tun kafin ya gama gaisawa da gida: ga gonar kakansa, ga itacen da ya hau yana yaro. Wanda aka yi wa rasuwa kuma yakan samu sauƙi a bin wuraren da suka saba bi da mamacin, ko da yake ga wani hakan fami ne, kuma ya fi masa alheri ya sauya hanya na ɗan lokaci.

Sabo yana da nasa haɗari, wato sakaci. Ƙafar da ta yarda da hanya takan daina duba ƙasa, alhali da damina da farkon kaka kububuwa da kasa suna kwanciya a gefen turba, musamman kafin gari ya waye sosai. Ya fi kyau a jira haske, a kuma sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da tsidau. Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, don haka gudu a lokacin na bayan asuba ne ko na dab da magariba, tare da shan ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitar safe tana da ƙarin riba, domin hasken rana na farko yana daidaita lokacin barcin jiki. Da azumi masu gudu kan rage nisa, su mayar da shi dab da shan ruwa ko bayan an sha. Da damina wajibi ne a tsaya a kan turba, kada a yanke ta cikin shukar mutane, a kuma ba garke hanya a burtali. Idan gundura ta shigo, ba sai an bar hanyar ba: a juya ta daga ƙarshe zuwa farko, ko a sauya lokaci, ko a ƙara wani reshe sau ɗaya a mako.

Game da yawan da ya kamata, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta sa wa baligi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Sassarfar minti 30 sau biyar a mako ta shiga wannan iyaka. Mai farawa ya haɗa tafiya da gudu, ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin yashi yana jan agara da ƙwauri fiye da yadda ake zato. Manomi a tsakiyar noma ya riga ya cika ma'aunin jiki, abin da zai nema a turba a lokacin shi ne hutun hankali, kuma gajeriyar tafiya ta ishe shi. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko mai jin ciwon ƙirji, ya fara ganin ma'aikacin lafiya. Wanda kuma baƙin ciki ya zauna masa fiye da mako biyu, ya hana shi ci da barci da aiki, ko ya fara tunanin cutar da kansa, yana bukatar ganin likita a cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin Tasawa ko na Mayahi, gudu kuma ya zama ƙari a kan maganin da aka ba shi.